Igiyar Nomau Mai Haƙar Rijiya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, ana ce masa Nomau. Haƙar rijiya ce sana'arsa. Ba malami ba ne, ba attajiri ba, rigarsa ma kullum launin laka take.

To ku saurara, jama'a. A garin nan alƙali ba ya yanke hukunci shi kaɗai. Dattawan unguwa yake tarawa su ji shaidu, kowa ya faɗi ko an aikata ko ba a aikata ba. In laifi ya tabbata, kora ce daga gari, sai fa in wani ya karɓi mai laifin riƙo, ya sa masa ido shekara guda. In ya sake, a kore su tare.

Ran nan aka kawo Cindo, ɗan wani aminin Nomau da ya rasu. Rikicin iyakar gona ya sa ya cinna wa rumbun maƙwabcinsa wuta, kuma shaidu sun gan shi. Amma dattawa suka tuna tsohuwar uwarsa, sai suka sunkuyar da kai. Wannan ya ce bai aikata ba, wancan ya ce bai aikata ba. Wai su tausayi!

Aka zo kan Nomau. Zuciyarsa ta yi nauyi, don a gabansa aka raɗa wa Cindo suna. Amma ga mai rumbu can zaune, 'ya'yansa ba su da na tuwo. Ya ce, "Allah gafarta malam, ya aikata. Duk mun sani." Kunya ta kama dattawa, suka dawo kan gaskiya.

Cindo ya dubi Nomau ya ce, "Baba, kai?"

"Ni, ɗana. Kuma ni zan karɓe ka."

Alƙali ya amince, bisa sharaɗin Cindo ya yi aiki ya cika rumbun da ya ƙona.

Washegari suka tafi bakin aiki. Kun dai san haƙar rijiya, ɗaya ya shiga, ɗaya ya riƙe igiya. Nomau ya ɗaura igiya a ƙugu, ya miƙa wa Cindo bakinta.

Cindo ya ce, "Baba, jiya ka kunyata ni gaban jama'a. Ba ka tsoron in saki?"

"Ina tsoro mana. Amma jiya abin da ka yi aka tambaye ni, na faɗa. Yau kai za ka nuna mini ko kai wane ne. Riƙe."

Ya sauka. Yana cikin haƙa sai gefen rijiya ya zabtare, ƙasa ta binne shi har ƙirji. Ba kowa a sama sai Cindo, ku ji fa, ba kowa! Nomau ya kama salati, yana kallon igiya a sake. Can sai ya ji ta miƙe. Cindo ya ja, ya ja, har tafin hannunsa ya saɓule. Ya fito da tsohon, ya rungume shi yana kuka.

Shekara ta cika, rumbu ya cika, ba a kori kowa ba.

Jama'a, darasin a fili yake. In aka sa ka shaida, kada tausayi ya sa ka binne gaskiya, domin wanda aka zalunta shi ma yana da 'ya'ya. In kuma ka faɗi gaskiyar, kada ka kakkaɓe riga ka tafi. Akwai wanda ya fito daga gidan yari a unguwarmu, kun san shi, na san shi. Kowa na iya cewa ya aikata. Wane ne a cikinmu zai miƙa masa igiya? Allah ya sa mu ne.