Uwani da Kujera Ɗaya Tak

Ku gyara zama, ta yau ba ta gizo ba ce. Kai mai gyangyaɗi, buɗe ido, da kai zan fara tambaya.

Akwai wata yarinya a garinmu, Hindatu, ƙwaƙwalwa kamar me. Ta gama digirinta a fannin noma, ta nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a a ƙasar waje. Jami'ar ta ce ta cancanta, amma rabin tallafi kawai za ta iya ba ta. In ta kawo takardar wani da zai ɗauki sauran kafin wata ya ƙare, gurbi nata ne. In ba haka ba, a ba wani.

Gwaggonta Lantana, mai suyar ƙuliƙuli, ko bihim ba ta sani ba a boko. Tana cikin suya ta ji a rediyo cewa wata gidauniyar 'yan kasuwar gyaɗa tana ɗaukar nauyin masu karatun noma. Ta sauke kasko, ta ja mayafi. Kwana huɗu tana zarya a ofishinsu, tana shimfiɗa tabarmarta a bakin ƙofa, har shugaban ya gaji ya ce a rubuta mata. Da aka tambaye ta sunan yarinyar, sai ta ce, "Uwani." To, sunan mahaifiyar Lantana aka sa wa yarinyar, kuma kun san bakinta ba zai taɓa furta shi ba. Haka ta dawo da takarda tana guɗa.

Aka aika takarda. Jami'a ta ce ita Hindatu ta sani, wace ce kuma Uwani? Saura kwana biyu. Yarinya ta zauna tana kuka, ni kaina na tausaya mata. Yayanta Tanimu, tela ne, ya bar ɗinkin mutane a kan keke, ya goyo mai unguwa a babur zuwa kotu, aka yi takardar rantsuwa cewa Uwani ita ce Hindatu. Ya bi shugaban gidauniyar har kasuwar ƙauye, ya same shi a kan buhunan gyaɗa, bai bar wurin ba sai da ya sa hannu a sabuwar takarda.

Gurbi ya samu, gida ya kaure da murna. Ashe da saura. Jami'ar tana da wata ƙa'ida da ba ta faɗa tun farko ba: duk kuɗin makarantar da ya zo daga waje, sai ta zabge daidai shi daga nata tallafin. Kun ga an koma gidan jiya. Dokta Saude, malamar da ta koyar da Hindatu, ita ta taɓa karatu a can, ta san kansu. Ta sa gidauniya ta rubuta ƙarara cewa kuɗinta na masauki ne da abinci da jirgi, ba na aji ba. Ta kuma rubuta wa jami'ar irin ƙwazon yarinyar, har suka ji kunya suka cika mata kuɗin makarantar gaba ɗaya.

Shekara biyu, Hindatu ta fito ta ɗaya a ajinsu. Ranar da labari ya iso, Lantana ta raba ƙuliƙuli kyauta har kasko ya ƙare. Sai ga wasiƙa: jami'a za ta biya wa mutum ɗaya daga gida kuɗin jirgi, ya zo ya zauna a sahun gaba ranar yaye ɗalibai. Mutum ɗaya tak.

Lantana ta riga ta kai atamfa ɗinki, kuma Tanimu ta kai wa. Shi kuwa ya yanka wa kansa shadda. Ita ma Dokta Saude an gan ta tana sabunta fasfo.

Hindatu na riƙe da biro, layin suna yana jiranta. To, ku faɗa mini, sunan wa za ta rubuta?