Takabar Barira da Ta Ƙi Ƙarewa

Akwai wata mata a Batsari ana ce mata Barira. Irin matan nan ne da in ka taka su, su za su ce ka yi haƙuri. Mijinta Umaru kabu-kabu yake yi tsakanin Batsari da Ruma. Wata rana 'yan bindiga suka tare hanya, sai gawarsa aka kawo. Ba su taɓa haihuwa ba.

Barira ta zauna takaba a gidansu mijin, wajen uwarsa Inna Turai da yayansa Rilwanu. Rilwanu mahauci ne a kasuwa. Shi ke ciyar da gidan, saboda haka in ya yi magana ba mai ƙara wata.

Dama tun Umaru na da rai takan yi fama da ciwon ciki. Cikin takabar sai abin ya ƙaru. Al'adarta ta ɗauke, in ta ci abu sai amai, cikin kuma ya ɗan taso.

Inna Turai ta shafa cikin, ta fashe da kuka.

"Alhamdulillahi. Ashe Umaru ya bar mana baya."

Barira ta ce, "Inna, ni fa ba na jin kamar ciki ne."

"Ke mi kika sani? Kin taɓa yi ne?"



Da lokacin fita takaba ya yi, Barira ta fara haɗa kayanta, za ta koma Safana wajen yayarta Kamila, malamar firamare. Rilwanu ya leƙo ɗakin.

"Ina zuwa? Mai ciki ba ta fita takaba sai ta haihu. Ko zaure ba za ki taka ba da ɗan ƙanena a jikinki."

"Yaya, ko asibiti ne a kai ni su duba."

"Su duba mi? Ni da nake fasa ciki kullum a mahauta, wani yaro mai farar riga ne zai gaya mini abin da ke cikin ciki?"

Haka ta zauna. Damina ta wuce, aka yi girbi, lokacin da ya kamata a ce ta haihu ya zo ya wuce, ba naƙuda ba alamarta. Sai Inna Turai ta ce kwantacce ne. Wai tashin hankalin mutuwar uban ne ya sa ɗan ya kwanta barci a ciki, kuma yana iya yin shekaru kafin ya tashi. Aka shiga ba ta jiƙe-jiƙe da hayaƙi don a tashe shi.

Jama'a, matar nan ƙarewa take yi a gaban idonsu. Wuyanta ya zama kamar sillen kara. Bayan gidanta baƙi ƙirin kamar kwalta. In ta miƙe jiri ya kwashe ta. Amma duk wadda ta shigo gidan sai ta ce, "Ya mai ciki? Allah ya tashe shi lafiya." Ba wadda ta ce ya jikin Barira.

Kamila kan kira a waya, Barira ta ce da sauƙi, don Inna na zaune kusa. Ran da ta zo da kanta, a bakin ƙofar ɗakin ta tsaya, ta kasa gane ƙanwarta. Ta ja fatar idonta ƙasa, fari fat, ba ɗigon jini.

Ta samu Rilwanu a zaure.

"Malam Rilwanu, yarinyar nan ba ta da jini. Zan kai ta asibiti."

"A'a, Malama, yau kuma likita aka zama? Na ɗauka a b c d kike koyarwa."

"Na tambayi liman kafin in shigo. Ya ce mai takaba na fita in lalura ta kama, balle ciwo."

"Liman ke auno hatsin gidan nan? Ku kai ta su ce aiki za su yi, su yanke mini ɗan ƙane su jefar. Ba da ni ba."

Kamila ta koma Safana tana kuka. Ba a daɗe ba Barira ta yi aman jini. Maƙwabciya ce ta ji tausayi ta kira Kamila a ɓoye.

Kamila ta jira ranar kasuwa, lokacin da Rilwanu ba ya ɗaga kai daga teburin nama. Ta zo da mota har ƙofar gida. Inna Turai ta riƙe zanen Barira da hannu biyu.

"Kada ki yi mini haka, ɗiyata. Shi kaɗai ya rage mini na Umaru."

Barira da ba ta taɓa mayar mata da magana ba ta ce, "Inna, in ɗa ne, wallahi da hannuna zan kawo miki shi. In ba ɗa ba ne, ki bar ni in rayu."

Inna ta saki zanen.

A asibitin farko aka gwada fitsari, aka yi hoton ciki. Mahaifa ba komai a cikinta. Suka ƙara mata jini, suka ce wannan ya fi ƙarfinsu, a wuce babban asibiti a Katsina.

A can aka zura mata wani siririn tiyo mai kyamara ta baki, aka ɗan gutsuro abin da aka gani aka kai gwaji, aka kuma saka ta a babban injin hoto. Likitan ya zaunar da Kamila ya ce ƙari ne, kuma ba ɗaya ba. Akwai a tumbi, akwai wasu a jere a hanji, babban cikinsu shi ne ya taso da cikin. Su ke tsiyayar da jini a hankali, ƙarancin jinin da ramar ne suka ɗauke mata al'ada. Ya ce yawanci guda ɗaya ake samu, irin nata mai yawa haka ba kasafai suke gani ba.

Aka yi mata tiyata, aka yanke wani sashe na tumbin da na hanjin.

Ana fito da ita sai ga Rilwanu da babbar riga, yana ɗaga murya a baranda, wai an zubar da cikin ƙanensa, sai ya kai ƙara. Mutane suka taru.

Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, dama mukan nuna wa dangi abin da muka cire. Bismillah."

Aka kawo a kwano, aka buɗe.

Rilwanu ya duba. Mutumin da tun yana yaro yake wanke kayan ciki, ba sai an yi masa bayani ba. Ga hanji nan, ga ƙulle-ƙullen nan manne a jikinsa.

Kamila ta ce, "In ka fasa saniya ka ga haka, mi kake cewa?"

Ya ci gaba da kallon kwanon.

"Ka faɗa mana. Ɗazu ai da ƙarfi kake magana."

Can ƙasa ya ce, "Cuta ce."

"To. Ta saniya kake ganewa."

Likitan ya ƙara da abin da ya fi ƙona mini rai a duk labarin nan. Ya ce ciwon ya riga ya fara taɓa hanta. Akwai ƙwayar da za ta riƙa sha kullum don ta danne shi, wataƙila har iya rayuwarta, kuma za ta dinga dawowa hoto. Da an kawo ta tun lokacin da cikin ya fara tasowa, da wataƙila aikin kaɗai ya isa.

Da Rilwanu ya koma gida ya faɗa wa Inna Turai, zama ta yi a ƙasa ta ce, "Yau Umaru ya mutu." Ta yi kukan da ko ranar jana'iza ba ta yi ba.

A kasuwa kuwa labari ya riga shi isa. Sauran mahauta in sun fasa dabba sai su ƙwala masa kira, "Likita, zo duba mana, wannan ɗa ne ko cuta?" Sai dai ya ci gaba da yankan namansa.

Barira tana Safana yanzu. Ba ta iya cin abinci da yawa lokaci ɗaya, sai kaɗan-kaɗan, amma tana tafiya da ƙafarta, har takan zauna tsakar gida ta taya Kamila ɓarar gyaɗa.

Inna Turai ta hau mota ta je har can. Ta ce, "Ɗiyata, mun cuce ki. Ki yafe mana, ni da yayanki."

Barira ta ce, "Ke na yafe miki, Inna, kewar ɗa ce ta rufe miki ido. Shi kuwa Yaya Rilwanu, ki ce ya zo da bakinsa."

Har yau bai zo ba.

Darasi: Ba kowane cikin da ya taso ne ɗa ba. In mace tana rama, tana amai, bayan gidanta ya yi baƙi, a kai ta asibiti a duba kafin kowa ya yanke hukunci, ko tana takaba, addini bai hana ba. Kuma ciyar da gida bai mai da kai masanin ciwon mutanen gidan ba. Ni ba na iya faɗar wannan a gaban manya, amma ku kuna iya tura shi. Don Allah ku tura wa iyayenmu da yayyenmu maza, wataƙila akwai wata Barirar da ke zaune a ɗaki yanzu ana jiran ta haihu.