Malam Tasi'u da Ƙodar Cikin Kwalba

An yi wani bawan Allah a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, ana ce masa Malam Tasi'u. Mai bincike ne a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti. Aikinsa, jama'a, ya ɗebi 'yan ƙwayoyin jikin mutum ya sa a kwalba, ya yi ta rainonsu kamar jinjiri, ko Allah zai sa su zama ƙodar da za a dasa wa mara lafiya. Shekara da shekaru yana wannan. Mutum ne shiru-shiru, ko a masallaci ba ka jin muryarsa sai wajen amin.

To, ku saurara. Sai jarrabawa ta same shi har cikin ɗaki. Matarsa Barira, ƙodojinta suka tsaya. Ƙafa ta kumbura, fuska ta kumbura, kullum suna hanyar wankin ƙoda. Ya ce a cire tasa a ba ta, aka gwada, ba ta dace da jikinta ba. Danginta kuwa, wasu suka ji tsoro, wanda ya yarda shi ma bai dace ba.

Ana nan, tsokar da ke cikin kwalba ta girma, ta fara kama da ƙoda. Tasi'u ya gwada, ya sake gwadawa. Tana da rai, amma ba ta tace jini.

Shugabansa ya kira shi ofis ya ce, "Malam Tasi'u, ka ce ta yi aiki. Da labari ya fita, manyan asibitocin waje za su neme mu. Ni kuma na yi alkawari da Barira za mu tafi, a yi mata dashe a can."

Ya ce, "Yallaɓai, in na ce ta yi, wata rana za a sa wa ɗan wani."

Shugaban ya ce, "Wannan wata rana ce. Matarka yau take mutuwa."

Ya koma gida ya gaya wa Barira komai. Kuna tsammani ta ce ya kyauta? A'a, jama'a, rai da daɗi. Ta kama bakin rigarsa ta ce, "Malam, sau ɗaya tak. Allah mai gafara ne. Ba na son in bar yaran nan."

Ya durƙusa gaban gadonta yana kuka, ya ce, "Barira, ba zan iya kashe matar wani don in raya tawa ba. Ki yafe mini."

Ta juya fuskarta bango. Kafin damina ta sauka ta rasu, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Aka raba shi da aikin, aka zubar da abin da ya raina. Surukansa suka daina amsa gaisuwarsa. 'Ya'yansa suka tashi suna jin ana cewa ubansu ne ya ƙi ceton uwarsu. Haka ya tsufa, haka ya koma ga Allah, babu wanda ya ce masa sannu.

Na san kuna jiran in ce daga baya ya ga sakayya. Bai gani ba, a nan dai bai gani ba. Gaskiya ba kasuwa ba ce da za ka ba da safe ka ci riba da yamma. Wani lokaci ita za ta cinye ka, kuma duk da haka wajibi ce. Kai da kake cewa magani zai yi alhali ka san ba zai yi ba, kai da kake rantsuwa a kan jabun kaya, me aka ɗora maka a sikeli? Shi matarsa aka ɗora masa. Allah kada ka jarrabe mu da abin da ba za mu iya ba.