Dafa-dukan da Malami Bai Ci Ba

A garin Sabon Birni akwai wata mata mai suna Luba, matar Abdurra'uf mai fataucin hatsi a kasuwar Isa. Luba ba ta da rowa, ba a kuma taɓa jin muryarta a faɗan maƙwabta ba. Aibinta ɗaya ne, amma ba ƙarami ba: duk aikin da ke gabanta sai ta fara gama shi a zuci. Takan zauna da tsintsiya a hannu, ta hango tsakar gida fes, ta hango baƙi sun shigo suna yaba tsabtarta, har ta yi musu murmushi, alhali tsintsiyar ba ta taɓa ƙasa ba. Da ta sha daɗin yabon sai ta ji kamar aikin ya riga ya ƙare. Maganar bakinta kullum ita ce "sai an jima".

Mahaifinta, Malami, manomi ne a Gatawa. Luba ce 'yarsa ta fari, don haka akwai kunya mai kauri a tsakaninsu, irin ta mutanen da. Tun da aka kawo ta gidan miji bai taɓa zama ya ci abinci a can ba. In hanya ta biyo da shi, a ƙofar gida yake tsayawa su gaisa, ya sa albarka ya juya. Abin yana yi wa Luba ciwo, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

Wata Talata da safe, a ƙarshen damina, ƙanenta Faruk ya kira ta a waya. Shi a tsallaken iyaka yake zaune, cikin Nijar, yana cinikin dabbobi.

"Yaya Luba, Baba ya yarda," in ji shi. "Zaman Gatawa ya ƙi, kin dai san halin da aka ciki da 'yan bindiga. Yau za ni ɗauko shi bisa babur, mu bi ta Burkusuma mu tsallaka wurina. Za mu biyo ta nan bayan azahar."

"Nan gidana?"

"Gidanki. Da bakinai yac ce shina son ya ci abincin hannunki kahin ya bar ƙasag ga. Amma ki ji ni da kyau, da an yi la'asar za mu tashi, ba mai bin hanyag ga da marece. Kuma ki tuna haƙoranai sun zube, a yi mai abu mai tabshi."

Luba ta ajiye waya tana jin kamar ta tashi sama don murna. Ba ta yi dogon tunani ba ta zaɓi dafa-dukan taliya da naman sa, abincin da take yi wa mijinta duk maraicen da ya dawo daga Isa a gajiye. Tukunya ɗaya ce tak. A dafa nama har ya yi laushi, a soya albasa da tumatir da tarugu a kansa, a ƙara ruwa, in ya tafasa a karya taliya a zuba, a rufe. Ba tuƙi, ba daka, ba wankin tukwane. Wannan sauƙin nasa shi ne ya yaudare ta.

Maƙwabciyarta Uwa, wata dattijuwa da ba ta fashin kasuwa, ita ta sayo mata naman. Da ta kawo, sai ta danna shi da yatsa ta girgiza kai.

"Ɗiyata, naman ga na tsohon sa na, wanda yag gaji da huɗa. Ki ɗora shi tun yanzu."

"Haba Inna, dahwa-duka ta hwa," Luba ta ce tana dariya. "Ko ido ruhe ina yin ta. Sai an jima kaɗan."

Uwa ta ce to, ta koma gidanta.

Luba ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ta jawo kwanon nama da wuƙa. Ranar kuwa irin wadda ke sa mutum kasala ce. Gajimare farare suna tafiya a hankali zuwa arewa, iska tana kawo ƙanshin gero da ya nuna daga gonakin bayan gari, kurciya tana ta kuka a kan katanga. Ta yanka tsoka ɗaya, ta yanka ta biyu, sai zuciya ta kama hanya.

Ta ga kanta yarinya a Gatawa, da ƙwaryar fura a ka, tana ratsa gero da ya fi ta tsawo, tana neman inda sautin fartanyar Baba ke fitowa. Ta ga ya karɓi ƙwaryar bai dube ta ba, amma gefen bakinsa yana motsi. Daga nan ta dawo da shi tsakar gidanta, ta zaunar da shi a sabuwar tabarma. Ta buɗe masa kwano, tururi ya tashi ya rufe masa fuska, jan mai yana ƙyalli a kan taliya, nama yana rabuwa tun kafin yatsa ya taɓa shi. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe hannu. Ta ji ya ce wa Faruk, wai ashe haka yarinyar nan ta iya girki aka bar shi yana tsayawa a ƙofa. Labari ya tsallaka iyaka, matan can suna aiko tambayar me take sakawa. Kafin ka ce kwabo har ta buɗe rumfar abinci a tashar Isa, direbobi suna layi, ita kuwa tana zaune a kujera tana ba da umarni. Wuƙa ta daɗe da tsayawa a hannunta, kanta ya jingina da itace, idanunta a lumshe.

Kiran sallar azahar ne ya dawo da ita. Ta dubi kwano, rabin naman ma ba a yanka ba, murhu kuwa ko toka ba a kwashe ba. Duk da haka ta ce wa ranta ai akwai sauran lokaci. Ta yi salla, ta yi wanka, ta gwada zane ta cire ta gwada wani, don ba ta so Baba ya same ta da kayan aiki. Tana cikin ɗaura ɗankwali ta ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida.

Malami ya shigo da sallama, Faruk yana biye da shi riƙe da 'yar jakarsa. Tsohon ya rame, ya ranƙwafa fiye da yadda ta san shi. Ya zauna a tabarmar da ta tashi a kai, a karo na farko a rayuwarsa. Luba ta durƙusa ta gaishe shi a gurguje, ta ajiye masa ruwa, ta ruga murhu.

Gawayi ya yi sanyi, sai da ta yi ta fifita kafin ya kama. Ta zuba naman da ta yanka, ta bar sauran a kwano. Ruwa ya tafasa, ta tsaga nama da cokali, ya ƙi. Ta dubi inuwar dalbejiya ta ga har ta fara miƙewa gabas. A nan ne dabara ta zo mata, irin dabarar mai gaggawa. Ta san ana jefa 'yar kanwa kaɗan a wake ko nama mai tauri ya yi saurin nuna. Ta ce in kaɗan tana sa sauri, ai mai yawa sai ta fi. Ta ɗauko dunƙule guda ta jefa. Ba ta jira ba ta juye tumatir da tarugu da mai da taliya gaba ɗaya, ta rufe, ta ci gaba da fifita kamar za ta karya mafici.

"Ke, zo ki zamna," Malami ya kira daga gindin itace. "Bar wutag ga haka nan."

"Ga ni nan, Baba, yanzun ga!"

Ya sake kira, ta sake cewa yanzu. Tana jin muryarsa ƙasa-ƙasa yana yi wa Faruk zancen gonar da ya bari da gero a tsaye, amma hankalinta yana kan murfin tukunya, wanda ya fara ɗagawa yana zubar da kumfa.

Da ta buɗe, ta ji kamar ta nutse. Jan tumatir ya koma baƙi-baƙi. Taliya ta narke ta zama kamar kunu mai yauƙi, warin kanwa ya danne ƙanshin albasa, naman kuwa bayansa ya saɓule amma cikinsa yana nan kamar igiyar fata. Daidai lokacin aka kira la'asar.

Ba yadda za ta yi, ta zuba a kwano ta kai gabansa, kanta a ƙasa. Malami ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya kai loma. Ta ga maƙogwaronsa ya yi aiki kafin lomar ta wuce. Ya ɗauki tsoka ya juya ta a baki, ya juya, daga bisani ya kawar da kai ya fitar da ita a hannu ya ɓoye a gefen tabarma, don kada ta gani. Ta gani. Ya ɗaga kofin ruwa ya shanye.

"Alhamdu lillahi. Allah shi yi maki albarka," in ji shi. Sannan ya ƙara da cewa, "Na so mu ɗan zanta, amma ba komi. Rana ta yi."

Faruk ya riga ya tayar da babur. Luba ta raka su ƙofa. Tana tsaye har farar rigar mahaifinta ta ɓace a kwanar masallaci.

Ta koma ta zubar da abin da ke tukunya, ta wanke ta. Ba ta san me ya sa ba, sai ta zauna ta yanka sauran naman, ta ɗora a wutar da yanzu ta kama sosai. Wannan karon ba ta tafi ko'ina a zuci ba. Ta bar naman ya dahu a kan lokacinsa, ta soya kayan miya, ta sa taliya daga ƙarshe. Ana kiran magariba ta sauke, komai ya yi daidai yadda ta hango shi da safe.

Abdurra'uf ya dawo daga Isa da yunwa. Ya ci loma biyu ya ɗago kai.

"Kai, Luba, yau kin ƙure hannu! Naman ga ko jinjiri ya ci shi. Lalle Baba ya ji daɗi. Ya ƙara ko?"

Luba ta buɗe baki, sai hawaye suka riga magana. Malami bai sake tsallako iyaka ba. A can Allah ya karɓi abinsa kafin damina ta zagayo.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Aikin da aka gama a zuci ba a gama shi ba, kuma abin da muke rainawa don sauƙinsa shi ya fi saurin kunyata mu, domin shi muke bari sai lokaci ya ƙure. Jinkiri ke haifar da gaggawa, gaggawa kuma ba ta gyara abin da jinkiri ya ɓata, sai dai ta ƙara lalata shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda Allah ya ba damar kyautata wa iyayensa, ya tashi ya yi tun suna gabansa, ya kuma zauna ya saurare su, don ba kowace dama ce ke dawowa ba.