Kunun Ayar Yaya Sagiru

Ku yi haƙuri da rubutuna, ban iya tsara magana ba. Goggo ce ta ba mu labarin nan tana yi min kitso, ni kuma ba ni da wanda zan yi musun da shi.

Wai akwai wata yarinya Barira, mai kunya sosai. Ta je wunin suna gidan ƙawarta Lantana, sai yayan Lantana, Sagiru, ya miƙa mata kunun aya mai sanyi a gora. Ba ta jin ƙishi, amma babba ya ba ka abu ai ba a mayarwa. Ta ce na gode Yaya, ta sha. Ashe ya daka ƙwaya ya zuba. Da jiri ya kwashe ta, ya ce ta zo ta huta, ya ja ta ɗakinsa na zaure.

Wata ƙawarsu Hansai ce ta ga mayafin Barira yashe a ƙasa. Mutane sai tsallake shi suke. Ita ta san Barira ko ƙofar gida ba ta leƙawa babu mayafi. Ta bar abincinta ta bi gidan lungu-lungu, ana mata dariya, har ta ga takalmin Barira ƙafa ɗaya a bakin ɗakin.

Tsoro ya hana Hansai shiga, don budurwar da aka gani a ɗakin samari ta shiga bakin duniya. Ta kira ƙawarsu Kubura, ita ce ta banka ƙofar da kafaɗa. Sagiru ya mare ta, ba ta fita ba. Ta lulluɓe Barira, ta goya ta har gida. Allah ya sa bai kai ga taɓa ta ba.

Amma unguwa ta ɗauka wai Barira 'yar ƙwaya ce, da ƙafarta ta shiga. Aka daina aiko yara gidan su Barira. Kullum tana ɗaki, fuskarta a bango.

Lantana ta ga lokacin da yayanta yake daka abin, ba ta gane ba sai daga baya. Uwarta ta roƙe ta ta rufa asirin gida. Ta yi kuka, sannan ta je gaban mai unguwa ta ce, "Yayana ne ya zuba mata. Da idona na gani." Aka tafi da shi. Har yau ba mai cin abinci kwano ɗaya da ita a gidansu.

To yanzu Barira za ta yi aure, kuma babbar ƙawa ɗaya ake yi, wadda za ta riƙe hannunta a kai ta ɗaki.

Goggo ta ce mu yanke. Su Anti suka yi ta gardama, ni ban iya buɗe baki ba, don ni ma da an miƙo min gorar nan da na... ga Umma can tana kirana.

Ku dai ku faɗa min: tsakanin Hansai da Kubura da Lantana, wace ce za ta riƙe hannun Barira?