Gidan Gilashin Alhaji Nata'ala

Alhaji Nata'ala ɗan kasuwar hatsi ne a Ƙanƙara. Mutum ne mai fara'a da sakin hannu, sai dai yana da hali guda: in idonsa ya ga abu ya so, to kunnensa ya toshe ke nan.

Wata shekara ya kai masara Abuja, ya ga wani gida da gabansa duk gilashi ne, daga ƙasa har rufi. Ya ɗauko hotonsa a waya. Da ya dawo ya kira Shafa'atu, ɗiyar yayansa da ta karanci zanen gine-gine, ya ce irinsa yake so a filinsa na bakin hanyar Faskari.

Shafa'atu ta je ta duba filin. Ta ce gilashi ba laifi ba ne, yana kawo haske, amma gaban gidan yamma zai kalla, rana za ta dake shi daga azahar har magariba. Irin wannan gilashin kuma ba ya buɗewa, sai an dogara da na'urar sanyaya ɗaki, ga wuta ba ta zama. Ta kuma tuna masa cewa duk mai wucewa zai ga iyalinsa.

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Ke dai zana mani abin da na gani. Ni zan zauna ciki."

Aka gama gini lokacin sanyi. Gida ya yi kyau, ba ƙarya. 'Yan acaɓa kan rage gudu su kalla, har daga Sabuwa abokansa suka zo ganin ido. Ya ɗauko mahaifiyarsa, Goggo, daga ƙauyensu Pauwa, ya ba ta ɗakin da ya fi kowane girma da haske.

Da bazara ta shigo, sai labari ya sha bamban. Kafin la'asar falo ya zama tanda, janareto na ruri wuni guda. Matarsa, Hajiya Barakatu, ba ta iya cire hijabi a cikin gidanta saboda idon mutane. Ta rataya labule masu kauri, sai gidan ya yi duhu, har ana kunna fitila da tsakar rana. Duk lokacin da ta yi magana, Alhaji ya ce za su saba.

Wata ranar kasuwa janareton ya lalace. Barakatu ta leƙa ɗakin Goggo ta same ta kwance sharkaf da gumi, numfashi na fita da ƙyar. Aka garzaya da ita asibiti. Alhaji ya baro rumfarsa ya bi su can.

Da Goggo ta farfaɗo ta dube shi ta ce, "Nata'ala, Allah shi yi maka albarka, amma ka maida ni Pauwa. Ban saba numfashi da inji ba."

Maganar ta soke shi, don saboda ita ya fi ɗokin ginin. Ya kai ta ƙauye, bai koma gida ba sai da ya biya wurin Shafa'atu. Ba ta yi masa gori ba, ta ce gyara yana yiwuwa. Aka cire yawancin gilashin yamma aka tayar da bango, aka sa tagogi masu buɗewa suna kallon juna don iska ta ratsa. Aka yi baranda mai faɗi da katangar bulo mai huda, aka dasa darbejiya. Babban gilashin aka mayar da shi arewa, yana kallon tsakar gida.

Bayan damina Goggo ta zo duba jikokinta, da niyyar komawa da wuri. Bayan la'asar ta zauna kan tabarma kusa da taga, iska na kaɗa gefen mayafinta, har barci ya ɗauke ta. Da ta farka ta sa aka kira Alhaji.

"Ka aika Pauwa," in ji ta, "a taho mani da awakina."

Darasin wannan labari shi ne, ba duk abin da ya burge ido ne yake dacewa da mutum ba. Gida don mazaunansa ake gina shi, ba don masu wucewa ba. Kafin ka kwaikwayi na wani, dubi ranar garinku, da iskarsa, da sirrin iyalinka. In kuma wanda ya sani ya ba ka shawara, ka saurara ko da ɗan cikinka ne.