Dokin da Jatau Ya Ƙi Ambata

An ruwaito a cikin littattafan mutanen da, waɗanda gara ta ci gefensu ta bar mana tsakiya, cewa an yi wani sarki a Birnin Dabaran ana ce da shi Sarki Yunusa. Ba azzalumi ba ne, ba kuma za a rantse a ce adali ne ba. Mutum ne dai da Allah ya jarabce shi da son dawaki, har in ana ba shi labarin yaƙi sai ya katse mai magana ya tambayi launin dokin da aka kashe.

Kowace shekara in an gama girbi, akan yi sukuwa a fagen da ke bayan ganuwa. Ana gobe za a yi, da la'asar sakaliya, Sarki yakan zauna a ƙofar barga tare da Wazirinsa Zubairu da manyan gari da fatake, a riƙa shigo da dawaki ɗaya bayan ɗaya ana zagayawa da su. Wannan shi ake kira zaman duba. Kowa yana iya tofa albarkacin bakinsa, amma magana ta ƙarshe ta mutum ɗaya ce, mai duba, wanda zai tashi ya ambaci dokin da zai ci gobe.

Al'adar kuwa ga yadda take. In dokin da ya ambata ya ci, doki ya zama na Sarki, a ba mai shi riga da rawani, makaɗan fada kuma su sa sunansa cikin waƙar sukuwa, wadda ake yi duk shekara tun kaka da kakanni. In wani doki dabam ya ci, sai a ce sa'a ce kawai, mai shi ya ja abinsa gida, ba riga ba waƙa. Shi kuwa mai duba a tuɓe masa rawani a bainar jama'a, ya ratsa kasuwa kai ba hula, ba shi ba sake duba har abada. Don kada a saye bakinsa, tun sukuwa na saura 'yan kwanaki akan tsare shi a gidan Waziri, ba ya ganin mai doki ko ɗaya.

A zamanin nan mai duba wani attajiri ne, Jatau, wanda ya tsufa yana fataucin dawaki. Tun da aka ɗora shi bai taɓa kuskure ba, ya kuwa san haka, don ko tafiyarsa ta nuna. Yana da aboki ɗaya tun na ƙuruciya, sunansa Barmo. Tare suka fara fatauci, amma duniya ta juya wa Barmo baya: 'yan fashi suka cinye masa ayari, annoba ta ɗauke matarsa da 'ya'yansa, aka bar shi a kango shi da wani baƙin doki, akawal, da ya rena tun yana ɗan dukushi. Ba ya cin abinci sai doki ya ci. Maƙwabta sun ce da shi yake hira. Sau nawa Jatau ya aika masa da hatsi da sutura, sau nawa suka dawo da godiya mai yawa, ba a ko kwance ɗaurin ba.

To, a wannan shekara aka yi zaman duba kamar kullum. Aka fara shigo da farin dokin Galadima, kili mai sheƙi, an yi masa wanka har ido ba ya iya tsayawa a kansa. Fadawa suka ɗauki yabo.

Wani farke ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan ai gero ya yi masa yawa. A dubi cikinsa. Kafin ya kai rabin fage zai fara neman inuwa."

Galadima ya harare shi ya ce, "Kai da jaki ka saba, me ka sani?"

Aka yi dariya. Aka shigo da na Sarkin Pawa, wanda kowa ya yarda ba a kama shi a tashin farko, sai dai numfashinsa gajere ne. Aka kawo wani na baƙi daga arewa, dogo, mai tsoron taro, yana ta ja da baya yana fizgar ragama. Gardama ta kaure, wannan yana rantsuwa da kabarin ubansa, wancan yana cewa ya yi mafarki. Jatau dai yana zaune, idonsa a kan dawaki. Ƙirji yake dubawa, da faɗin hanci, da yadda doki ke ajiye kofato in ya gaji da tsayuwa.

Can rana ta yi ja, sai ga Barmo ya shigo da wankakkiyar riga mai faci, yana jan akawal ɗinsa da kansa.

Jatau ya gyara zama. Barmo bai taɓa ce masa zai sa dokin nan a sukuwa ba. Kallo ɗaya Jatau ya yi wa akawal ɗin ya san duk dawakin da aka zagaya da su yau ƙurarsa za su sha. Ya kuma san abin da ambato ke nufi: gobe war haka dokin yana bargar Sarki, Barmo yana kango shi kaɗai da turke. A ransa ya ce mutumin nan ba zai kai damina ba.

Sarki ya ce, "Jatau, magariba ta kawo kai. Wa ke da gobe?"

Jatau ya tashi ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ja zamaninka, in an yi mini izini, akwai ɗan labarin da zan gabatar."

Sarki ya ce, "In gajere ne."

Jatau ya ce, "An ce a wani gari duk rijiyoyinsu ruwan zartsi ne. Dokar garin kuwa, duk wanda ya haƙa ya sami ruwan daɗi, sai a tashe shi a ba shi wani gida, rijiya ta zama ta mai gari. Wani talaka ya haƙa a tsakar gidansa, Allah ya ba shi ruwa garai-garai. Ya kira maƙwabcinsa gaban mutane ya ce ya ɗanɗana. Maƙwabci ya kurɓa, ya ji abin da bai taɓa ji ba, sai ya tofar ya ce, zartsi ne kamar na kowa. Talakan nan ya fusata, ya cika ƙwarya ya kai wa mai gari da hannunsa don ya shaide shi. Mai gari ya sha. A ranar aka fitar masa da tabarmarsa waje. Da ya haƙura da maganar maƙwabcinsa, da yana nan yana shan ruwansa har ya mutu."

Yana maganar yana satar kallon Barmo. Sarki kuwa ya yi hamma ya ce, "Ba rijiya muka zo dubawa ba. Wane doki?"

Jatau ya ce, "Kilin Galadima, Allah ya ba ka nasara."

Mutanen Galadima suka ɓarke da sowa. Farken nan na ɗazu ya riƙe baki. Waziri Zubairu kuwa ya daɗe yana duban Jatau.

Sarki ya ce, "Baƙin dokin nan fa? Ni ya cika mini ido."

Jatau ya ce, "Kyan gani ne kawai. Dokin gida ne, bai san fage ba."

Kowa a wurin ya san abin da ke tsakanin Jatau da Barmo. Barmo ya matso gaban Sarki ya durƙusa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jama'a su shaida. In dokin nan ya ci gobe, na ba Sarki shi kyauta. Ban kawo shi nan don in koma da shi ba."

Sarki ya yi murna ya karɓa. Jatau ya so ya yi magana, amma me zai ce? Ya ce ƙarya ya yi wa Sarki a fuskarsa? Ladan ya kira salla, dogarai suka mai da Jatau gidan Waziri, ranar ko ruwa bai iya sha ba.

Kashegari aka yi sukuwa, ba ta ko yi daɗin kallo ba. Na Sarkin Pawa ya yi gaba da fari kamar yadda aka faɗa, ya sare. Kilin Galadima ya zo cikin na baya yana kumfa. Akawal kuwa ya ba su rata har mahayinsa yana waiwaye. Nan take aka ja shi zuwa barga, makaɗa suka rataye gangunansu, don ba a yi wa sa'a waƙa. Aka tsai da Jatau a tsakiyar fage, Sarkin Dogarai ya warware masa rawani a hankali, yadda na nesa ma za su gani. Ya ratsa kasuwa da furfurarsa a waje. Waɗanda jiya suke tuɓe takalmi su gaishe shi, yau su ne suka fi kowa ihu. Haka mutane suke, a Dabaran da wajen Dabaran.

Da aka kwana biyu, Waziri Zubairu ya sami Sarki shi kaɗai ya ce, "Allah ya ba ka nasara, idon da bai taɓa kuskure ba, a ce ya rasa ranar kuskure sai a kan dokin da ko makaho ya shafa ya san shi? A tuna labarin rijiyar nan. Jatau shi ne maƙwabcin."

Ran Sarki ya ɓaci. Can kuma sai ya yi dariya, ya sa aka kira Jatau.

Ya ce, "Ka yi mini ƙarya, ka kuwa sha hukuncinka. Amma mutumin da zai zubar da sunansa don kada doki ya rabu da mai shi, shi ya kamata ya riƙe mini barga. Daga yau kai ne Shamaki."

Jatau ya faɗi ya ce, "Na gode, Allah ya ƙara girma. Amma da za a bar sarautar, a mayar wa Barmo dokinsa."

Sarki ya ce, "Kyauta aka ba ni a gaban jama'a. In mayar, in ce masa me, na raina?"

"To, a sa shi a waƙa."

"Wannan kuma ba ni na hana ba. Bakinka ne."

Aka naɗa masa rawanin da ya fi wanda aka tuɓe. Daga fada bai zarce ko'ina ba sai gidan Barmo. Ya same shi zaune a gindin turke, yana tsince ragowar harawa yana tarawa, kamar akwai mai ci.

Jatau ya ce, "Barmo, don Allah ka saurare ni. Labarin nan da na bayar..."

Barmo ya ce, "Na gane shi tun kafin ka kai ƙarshe. Ka ɗauka ni ma Sarki ne?"

"To, me ya sa ka yi abin da ka yi? Da ka yi shiru da yanzu yana nan ɗaure."

"Yana nan ɗaure, sai me? Ni tsoho, shi ma yana tafe. In na mutu a sayar da shi ga masu dakon gishiri. Jatau, ba ni da ɗa. Ba wanda zai ce ni ɗan Barmo ne. Shekarun nan duka da ka ga ina hana cikina ina ba shi, kana tsammani don hira ne? So nake a sa sunana a waƙar nan, a riƙa faɗinsa bayan ƙasa ta rufe ni. Kuma so nake ya fito daga bakinka, kai da ka san ni tun muna yawo ba wando. Abu ɗaya na taɓa nema a wurinka duk tsawon zamanmu, shi ma ba alfarma ba, gaskiya kawai."

Jatau ya ce, "Wallahi tausayinka na ji."

Barmo ya ce, "Na sani. Hatsinka na iya mayar maka. Wannan ban san yadda zan mayar ba."

Ya tashi ya shiga ɗaki ya saki asabari.

Masu ruwaya sun ce Jatau ya daɗe a sarautar Shamaki, bargar Sarki ba ta taɓa kyau irin na zamaninsa ba. Mutanen gari kuwa suka yanke cewa da gangan ya yi, don ya kai wa Sarki doki a ɓagas ya sami rawani, har wasu suna yaba masa wayo. Jatau ya aika wa Barmo cewa ƙofar barga a buɗe take gare shi dare da rana. Barmo bai taɓa zuwa ba.

Wanda ya rubuta labarin nan ya ƙara a gefen takarda cewa hikimar da ta san doki ba lalle ta san mai doki ba, kuma alherin da aka yi wa mutum ba tare da an tambaye shi abin da yake so ba, sau da yawa ƙwace ne. Ni da na karanta ban ga abin musu a ciki ba.

Sau ɗaya Jatau da Barmo suka sake haɗuwa, a wani lungu ƙunci inda ba hanyar kaucewa. Jatau yana bisa doki da zagage a gaba, ya yi maza zai sauka. Kafin ya zare ƙafa daga likkafa, Barmo ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa a gefen bango, ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, Shamaki." Bai ɗago ba sai da suka wuce.